Ɗan lido na cikin salula: kuɗi ba ya sayen sa'a

A fadojin samari, daga Belbeji a gundumar Tarka har cikin birnin Damagaram, lido ya koma cikin salula. Manhajar Ludo King, wadda kamfanin Gametion na Indiya ya fitar a 2016, kyauta ake sauke ta. Amma akwai manhajojin jefa ɗan lido da ke neman a biya. Ko biyan yana da amfani?

Ɗan lido fuska 6 gare shi, kuma kowace fuska damarta ɗaya ce cikin 6. Manhaja ta gaskiya lissafin nan take bi, ko an biya ko ba a biya ba. Wanda ya jefa sau 3 bai samu shida ba, kada ya ce an cuce shi: hakan kan faru sau 58 cikin 100.

Abin da kuɗi ke saye shi ne cire talla, ado da ajiye sakamako. Masu wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974, su ne suka fi buƙatar haka, domin suna jefa iri-iri, har da mai fuska 20. Su ma Google na jefa musu kyauta.

Mai lido a fada kuwa, ɗan lido na kasuwa ya ishe shi: ba ya cin caji, ba ya jiran rezo. Manhajar da ta yi alkawarin ƙarin shida in an biya, ko dai ƙarya take yi, ko abokan wasa take cuta.