Kafin a kai wa mai gyara: matsalolin na'urar sauti ta gida da maganinsu

Idan na'urar sauti ta yi shiru a falo, abin da ke fara zuwa zuciyar mai ita shi ne ta ƙone. Sai dai sau da yawa laifin yana wajen akwatin ne: ko a waya, ko ƙura, ko wutar da ake ba ta. Wanda ya san inda zai duba yakan tsira da kuɗinsa, ya kuma kauce wa buɗe na'urar da lafiyarta ƙalau.

Idan lasifika ɗaya ta yi shiru

A kashe na'urar, a musanya wayoyin lasifikar dama da ta hagu a bayan amfilifaya, sannan a kunna. Idan waccan lasifikar ce dai ta ci gaba da yin shiru, matsalar tana jikinta ko a wayarta. Idan kuwa shirun ya koma ɗaya ɓangaren, to daga amfilifaya yake, ko daga wayar da ke shigo mata da sauti. Wannan gwaji na minti biyu yana raba gardama.

Akwai kuma lokacin da dukkansu ke magana, amma ganga ta rasa kaurinta. Galibi an juya wayar lasifika ɗaya ne, sai ɗaya tana turo iska yayin da ɗayar ke janyewa, suna kashe wa juna ƙarfi. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi, a duka bakunan wayar.

Gurnani da ƙaraf-ƙaraf

Gurnanin da ba ya yankewa ko da ba a sa komai ba, daga wutar lantarki yake. A zare wayoyin talabijin da dikoda ɗaya bayan ɗaya; wadda aka zare gurnanin ya ɗauke, ita ce mai laifi. Jona kayan duka a soket guda, da raba wayar sauti da wayar wuta, kan rage shi.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin da ake ji idan ana murɗa maɓallin ƙara sauti kuwa aikin ƙura ne, kuma ya fi tsananta da hunturu. A kashe na'urar, a yi ta murɗa shi gaba da baya kamar sau 20. In bai daina ba, akwai feshi na musamman na wanke kayan lantarki. Ruwa da kananzir ɓarna kawai za su ƙara.

Idan tana kashe kanta

Amfilifayoyi da dama an ƙera su ne su ɗauke da kansu idan suka ji haɗari. Silin waya ɗaya da ya tsallaka ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya jawo haka. Zafi ma haka, musamman idan an rufe ta a kabad ko an lulluɓe ramukan shan iskarta da kyalle. Sai kuma jibga mata lasifiku: biyu masu ohm 8 da aka haɗa a baki ɗaya suna komawa ohm 4, nauyin da ba kowace amfilifaya ke iya ɗauka ba.

Babbar barazana ita ce wuta

Ma'aunin wutar gida a Najeriya volt 230 ne, na Amurka 120, na Japan 100. Don haka duk wanda ya sayi na'urar gwanjo, ko a kasuwar Alaba ta Legas ko a wani wuri, ya karanta rubutun da ke bayanta kafin ya jona. Mai neman 120 tana buƙatar taransifoma mai rage ƙarfin wuta.

Idan aka ɗauke wuta, a zare fulogi, domin dawowarta da ƙarfi ke ƙona kaya. Haka ma janareta: sai ya daidaita a jona, a kuma zare kafin a kashe shi. Fis idan ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya da shi. Masu ɗaure shi da waya suna cire wa na'urar garkuwarta ne.

Amma gyaran gida yana da iyaka. Idan aka ji ƙauri, ko sabon fis ya sake ƙonewa nan take, a zare fulogi a nemi ƙwararre. A cikin akwatin akwai kayan da ke riƙe wuta ko bayan an kashe, kuma suna iya jan hannun da bai san kansu ba.