Mai Haɗa Manhaja da Kwaɗonsa

Ranar Talata, idan kasuwar Mafara ta cika, kowane mai kaya ya san adadin abin da ya kawo. Mai shinkafar Bakolori yana zaune kan buhunsa, mai albasa yana ƙirga kwanduna, kuma ko mudu ɗaya aka ɗauke sai an ga gurbinsa. Amma akwai mai sana'ar da za a yi wa sata sau dubu, ya duba ya tarar da kayansa cif yadda ya bar su, sai dai ciniki ya ɗauke. Shi ne mai haɗa manhajar waya da ta kwamfuta.

Ba su da yawa a wannan yanki, ba su da rumfa, shi ya sa ba a cika lura da su ba. Wasu sun fara ne daga sashen kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, wasu kuwa YouTube ne malaminsu, cikin dare, lokacin da data take araha. Jarin farko kwamfutar cinya ce ta hannu, galibi daga Kano ko Sakkwato, sai batir da farantin sola ga mai hali, domin wanda ya dogara da wutar layi ba zai gama aiki ba. Android Studio, inda ake haɗa manhajar waya, kyauta ake sauke shi, amma yana cin data, yana kuma sa tsohuwar kwamfuta huci kamar jakin da aka ɗora wa mangala biyu.

Kasuwarsu ta kasu gida biyu. Akwai manhajojin waya da jama'a ke so: karatun Alƙur'ani, tafsirin malamai, littattafan Hausa, azkar. Akwai kuma na kwamfuta da ake yi wa mutum ɗaya ko ma'aikata: na fitar da sakamakon ɗalibai a makarantu masu zaman kansu, na lissafin shagon magani, na dillalin taki da iri, da na gwajin jarrabawa, wanda kasuwarsa ta buɗe tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015.

Ɗanyen kayan aikin rubutu ne. Mutum yana zaune yana rubuta umarni layi bayan layi da yaren Java ko Kotlin ko C#, yana raɗa wa kowane sashe suna mai ma'ana don kada shi kansa ya ɓace a ciki: wannan mai duba lambar biya ne, wancan mai tara maki ne. Idan ya gama, wata manhaja ta daban ce ke narka rubutun ta mai da shi abin da na'ura ke ganewa. Yawancin masu saye suna ɗauka cewa daga nan an wuce wurin, kamar yadda tuwo ba ya komawa shinkafa. Ga abin da aka rubuta da C ko C++ maganar tana da ƙamshin gaskiya, don sunaye da tsarin rubutun sukan narke. Amma Java da C# saƙa suke yi, kuma saƙa ana warware ta zare bayan zare. Fayil ɗin APK na manhajar waya da ake turawa ta Xender a bakin shagon caji jaka ce kawai a ƙulle. Mai manhajar jadx ko apktool, waɗanda kyauta ne, zai kwance ta cikin mintuna ya karanta kusan abin da mai ita ya rubuta, har da sunayen da ya raɗa. Na kwamfuta kuma ILSpy da dnSpy suna yi musu haka nan.

Ɓarawon wannan fage bai damu da hikimar da ke ciki ba, kuɗi yake bi. Manhajar kyauta da talla take ci, kuma a cikinta akwai lambar asusun AdMob ta mai ita. Sai a warware, a cire lambarsa a sa ta wani, a canza launi da suna, a sake ɗinkewa a watsa. Jama'a suna ta saurare, talla tana ta fitowa, dala tana shiga aljihun wanda bai yi ko daren farko na wahalar ba. A manhajar makaranta kuwa wuri ɗaya ake nema, inda take tambayar kanta ko an biya. Idan aka juya amsar, shi ke nan, ta zama ta kowa, kwafi ɗaya ya zagaye makarantun Bakura da Maradun a filashi.

To, daga nan ne rabin sana'ar na biyu yake farawa, wanda mai saye ba ya gani, ba ya kuma son biya.

Matakin farko ɓad da kama. ProGuard, wanda wani ɗan Beljiyam mai suna Eric Lafortune ya fitar a 2002, da magajinsa R8 da Google ya sa a Android Studio tun 2019, suna bin rubutun su goge duk sunaye masu ma'ana, su mai da su a, b, c, su zubar da abin da ba a amfani da shi. Mai warwarewa zai shiga, amma zai tarar da gari babu sunan unguwa ko ɗaya. Layi guda ake sauyawa a kunna shi, duk da haka sabon shiga yakan bar shi a kashe, saboda ranar da ya fara kunnawa manhajar ta ƙi tashi: an sauya sunan wani abu da wani sashe ke nema da sunansa na asali. Koyon waɗanne sunaye za a ce a bari shi ne gwanintar, kuma da kuka ake koyonta. Akwai kuma wani ɗan fayil da R8 ke ajiyewa, mai nuna wane tsohon suna ne ya koma wane harafi. Wanda ya yar da shi, ranar da manhaja ta sami matsala a wayar wani, shi ma baƙo ne a gidansa.

Sai dai R8 ba ya ɓoye kalmomin da aka rubuta a fili, irin su adireshi da lambobin sirri. Masu yin wannan, kamar DexGuard na kamfanin Guardsquare, bankuna da manyan kamfanoni ne ke iya sayensu. Ɗan Mafara dabara yake yi. Yakan ɗauke sashen da ya fi tsada ya rubuta shi da C++, duk da ya san Ghidra, wadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki kyauta a 2019, tana iya tona shi ga mai haƙuri. Yakan sa manhajar ta duba hatimin da aka buga mata, idan ba nasa ba ne ta rufe kanta. Kuma ba ya ajiye binciken biya a wuri ɗaya. Yana warwatsa shi, har wani ya zama sai bayan kwanaki yake farkawa, lokacin da mai fasawa ya riga ya yi shelar ya gama.

Na kwamfuta da lambar na'ura ake ɗaure su. Manhajar tana haɗa wata lamba daga jikin kwamfutar mai saye, ya turo ta WhatsApp, a mayar masa da mabuɗin da ba zai yi aiki a wata ba. Gwanaye suna buga wa mabuɗin hatimin lissafi mai makulli biyu, ɗaya a cikin manhaja don tantancewa, ɗaya a hannun mai ita don bugawa, yadda ko an karanta komai ba za a iya ƙera mabuɗin jabu ba. Wahalar tana zuwa ranar da kwamfutar makaranta ta ƙone aka sauya mata kayan ciki. Shugaban makaranta zai kira rai a ɓace, gobe rabon sakamako, manhaja ta ce ba ta san shi ba. Dole a ba shi haƙuri, a ce ranka ya daɗe a turo sabuwar lamba, a kuma yi shiru da zargin ko kwamfuta ta biyu ce ya saya.

Duk littafin da mutum ya buɗe, shawara ɗaya zai gani a sama: kada ka bar abu mai daraja a cikin manhaja, ajiye shi a kwamfutarka ta nesa, manhajar ta riƙa zuwa ta intanet tana tambaya. Gaskiya ne, abin da ba ya hannun ɓarawo ba ya warware shi. Amma waɗanda suka rubuta shawarar ba su zauna a Zamfara ba a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya na jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran wurare sai ƙarshen Nuwamba. Duk manhajar da sai ta gaisa da intanet take buɗewa ta zama gawa a waɗannan makonni, a hannun mutanen da suka biya kuɗinsu halal, alhali mai kwafin sata yana aikinsa. Ko yau, a ƙauyukan da ke bayan madatsar Bakolori, sai an nemi tudu ake samun layi. A ganina wannan shi ne ma'aunin gwani a nan: ya san daidai nauyin kwaɗon da ƙofar za ta ɗauka. Shi ya sa masu hankali ke ba da mabuɗin zango guda ko shekara, mai aiki ba intanet, su kuma sa manhajar ta riƙa tuna ranar ƙarshe da aka buɗe ta, saboda masu mayar da agogon kwamfuta baya.

Batun kuɗi kuwa, shiga Play Store dala 25 ce, sau ɗaya. Kuɗi kaɗan ne a Amurka, amma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta haura naira 1,500 a 2024, kuma an yi shekaru katin naira ba ya biya a waje, sai an bi ta hannun mai katin dala. Sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a bar shi ya fitar. A da 20 ake nema, aka rage zuwa 12, kuma nan 'yan ajinsu da ƙannen gida suke amfani. AdMob ba ya biya sai kuɗi sun kai dala 100, kafin nan ma sai an aiko da wata lamba a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi, abin da ke sa wasu ba da adireshin ɗan'uwa a Gusau ko Kaduna. Tallar da ɗan Najeriya ya kalla ba ta kai ta Bature daraja ba, don haka dala ɗarin takan ɗauki watanni. Mai manhajar tafsiri kuma sai ya zauna ya toshe tallar caca da ta shashanci da hannunsa, ko da su ne masu tsoka, don kada a ji muryar malam a ga abin kunya a ƙasa. Aikin makarantu da shaguna ya fi kawo kuɗi a dunƙule, sai dai bashi ya yi masa yawa, kuma kwanan wata na mabuɗin shi ne ɗan karɓar bashin da ba ya jin kunyar kowa.

Doka tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta kare manhajar kwamfuta, ta kuma hana karya makullin da mai ita ya sa. Amma wanda ya fasa sau da yawa ɗan unguwa ne, wataƙila tare aka yi aji, kuma kuɗin lauya ya fi kuɗin manhajar. Idan a Play Store aka ga kwafin, ana cike takardar ƙorafi Google ya sauke shi. Idan a gari ne, wurin babban yaya ko malamin da ya koyar da su biyun ake kai magana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusan duk mai kulle manhaja da kyau ya taɓa warware ta wani, a nan ya ga yadda ake saƙar. Kafin ya saki sabon aiki, shi ne ɓarawon farko: ya ɗauki APK ɗinsa ya jefa a jadx, ya nemi lambar tallarsa, ya ga minti nawa za ta ɗauke shi. Idan ya same ta da wuri, ya koma ya sake. Idan ta gajiyar da shi, sai ya buga hatimi, ya kwafi fayil ɗin hatimin a filashi biyu, ɗaya a jakarsa, ɗaya a cikin akwatin mahaifiyarsa, ƙarƙashin atamfofi.