Ko Ka Sani? Gaiwa, Kifin da Ke Yin Rani a Cikin Busasshiyar Ƙasa

Gaiwa kifi ce ta ruwan daɗi da ake samu a fadamu da tafkuna da kududdufai na kogunan Neja da Binuwai da Gambiya da Volta, da kuma yankin Tafkin Chadi, har da dausayin Haɗejiya da Nguru. Jikinta dogo ne, mai santsi, tana iya kai mita 1. A gurbin filafilan da sauran kifaye ke iyo da su, ita wasu siraran jijiyoyi guda 4 gare ta, biyu gaba biyu baya, waɗanda take dogarawa da su tana rarrafe a ƙasan ruwa. Iri 6 ne kacal na danginta suka rage a duniya: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostareliya.

Abin da ya raba ta da karfasa da giwan ruwa shi ne huhu. Huhu biyu gare ta, kuma da su take yawancin numfashinta, saboda haka dole ne lokaci-lokaci ta taso ta fito da baki ta haɗiyi iska. Idan ta maƙale a raga a ƙarƙashin ruwa ta kasa tasowa, shaƙewa za ta yi ta mutu. Wannan huhun ne ya ba ta damar zama a ruwan da ya ɗumama ya ruɓe da ciyayi, inda iskar da ke cikinsa ba ta isar wasu kifayen. Cimarta dodon koɗi da ƙwari da kwaɗi da ƙananan kifi, tana murƙushe su da faffaɗan haƙora masu ƙarfi. Masunta sun san cizonta ba wasa ba ne.

Babban abin mamakinta sai ruwa ya fara janyewa bayan damina. Tun taɓo na da laushi, takan kafa kai ta riƙa gatsar laka tana fitar da ita ta gefen wuya, har ta haƙa rami. A ƙasan ramin sai ta juyo, ta naɗe jiki, baki yana kallon sama, wutsiya ta rufe fuska. Muddin da sauran ruwa a ramin takan taso ta sha iska ta koma. Da ya ƙafe, sai fatarta ta yi ta fitar da yauƙi mai kauri, ya bushe ya zama wani siririn kwanso da ya lulluɓe ta gaba ɗaya, sai 'yar ƙofa daidai baki. Ta nan iska ke shigowa daga ramin da ta bari. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa kwanson yana ɗauke da rayayyun ƙwayoyin garkuwar jiki masu tare ƙwayoyin cuta.

A cikin wannan hali ba ci ba sha. Bugun zuciya yana raguwa, aikin jiki duk ya yi ƙasa ƙwarai. Hausawa kan ce gaiwa jikinta take ci, kuma maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, illa dai ba da baki take cin ba: tsokarta ce jiki ke narkarwa sannu a hankali don samun kuzari, shi ya sa take fitowa a rame. Akwai kuma matsalar dattin jiki. Kifi na zubar da amoniya kai tsaye cikin ruwa, to ita ba ruwan, kuma amoniya guba ce. Sai hantarta ta mayar da ita yuriya, sinadarin nan da manoma suka sani a takin zamani, ta tara shi a jiki har ranar da ruwa ya dawo ta zubar. A daji watannin rani kawai take yi a haka, amma a ɗakin gwaji an ga ta haura shekara 3.

Da ruwan sama ya jiƙa ƙasa, kwanson ya narke, sai ta farfaɗo ta fita neman abinci, ba da jimawa ba kuma a shiga haihuwa. Namiji ne ke gadin ƙwai a wani rami cikin ciyawar ruwa, yana kaɗa wutsiya don ruwan ya riƙa sabuntawa, kuma yana kai wa duk abin da ya matso farmaki.

Ɓuyan nan bai tsirar da ita daga mutum ba. Da rani masu nemanta kan bi busasshiyar fadama suna duba 'yar ƙofar ramin, su sa fartanya su tono ta da ranta. A ƙarni na 19 ma haka aka riƙa kai ta Turai cikin dunƙulen ƙasa, kuma a 1839 masanin Ingila Richard Owen ya bayyana ta a kimiyyance daga wadda aka samo a kogin Gambiya. An gano burbushin kakanninta a duwatsun da masana suka ƙiyasta shekarunsu da kusan miliyan 400. A 2021 aka karanta kundin ƙwayoyin gadonta, aka tarar ya ninka na ɗan Adam kusan sau 13.