Ƙwayar Alkama Ɗaya Da Gida 64

Kwanan baya muka ƙetare kogin Kaduna muka je duba wata makaranta a Barnawa. Muka tambayi yara, wa zai zaɓi buhun alkama ɗari, wa kuma zai zaɓi ƙwaya ɗaya da za a yi ta ninkawa gida-gida har gida 64? Duka ajin suka zaɓi buhu. Malaminsu ma haka.

Wannan tambaya tsohuwa ce. Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 1282, ya kawo labarin wani mai hikima a ƙasar Hindu da ya ƙago darar nan mai gida 64, ya roƙi sarki tukuici: ƙwaya 1 a gidan fari, 2 a na biyu, 4 a na uku, haka har ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Da ma'aji suka zauna lissafi, sai ido ya raina fata, gama jimla ita ce 18,446,744,073,709,551,615. In mutum zai ƙirga ƙwaya ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura shekara miliyan 584,000 bai gama ba.

To, ga halin wannan adadi. Kowane gida ya ɗara dukan gidajen bayansa a haɗe da ƙwaya ɗaya tak. Gida goma na fari 1,023 ne, na sha ɗaya 1,024. Da ya ke adadin ya ƙare da 5, yana rabuwa da 5. In aka tara lambobinsa ashirin za a sami 87, watau yana rabuwa da 3 amma ban da 9. In aka bi shi har saiwa, iyayensa bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417, kowannensu kuwa ba ya rabuwa sai da kansa ko da ɗaya. Biyun nan, 641 da 6,700,417, in aka buga su suna ba da 4,294,967,297, adadin da Fermat na Faransa ya zaci ba ya rabuwa, sai Euler ya warware zaton a 1732. A shekarar nan kuwa wani malaminmu, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, ya rubuta littafinsa na lissafin hatimi. Ashe lissafi ba baƙo ba ne a ƙasarmu.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance shi ne, wanda bai san ninki ba, mai ba da bashi da ruwa ya sami nama. Naira 1,000 in tana ninkuwa kowane wata, cikin wata 12 ta zama 4,096,000, gona da gida sun tafi. Saboda haka muna roƙon malamai su bar yara su ninka da hannunsu, ko da tsakuwa ne, har gida ashirin, akawuna kuma su riƙa auna irin wannan yarjejeniya kafin talaka ya dangwala hannu. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya sa mu gane.