Na'urar Kallon Taurari: A Fara Duba Faɗin Baki

Shirin na yau na masu sha'awar kallon sararin samaniya ne, musamman wanda ya tara 'yan kuɗinsa yana son sayen na'urar hangen nesa.

Akwai wani Ba'amurke mai suna John Dobson, wanda aka haifa a Beijing a 1915. Shekara 23 ya yi a gidan ibada na mabiya Vedanta a jihar Kalifoniya, inda ba shi da ko sisi. Amma son kallon sama ya hana shi sakat. Sai ya riƙa samo gilasan tagogin tsofaffin jiragen ruwa, ya zauna ya yi ta goga su da hannu har su zama madubi, ya saka a cikin bututun kwali, ya ɗora a kan akwatin katako. Da dare ya sulale waje ya nuna wa maƙwabta wata da taurari. Wannan fita ce ta jawo aka sallame shi a 1967. Daga nan ya koma kafa na'urarsa a bakin titunan San Francisco, duk mai wucewa ya kira shi: zo ka ga wata. Kyauta. Bai taɓa yi wa ƙirar rajistar mallaka ba, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Abin da Dobson ya gane shi ne, aikin na'urar tara haske ne, kamar bahon da aka tara wa ruwan sama: gwargwadon faɗinsa, gwargwadon abin da zai tara. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu ba ta cika wuce faɗin milimita 7 ba. Madubi mai milimita 150 yana tara hasken da ya ninka na ido fiye da sau 400. Faɗin baki, jama'a, shi ne abin dubawa na farko.

A nan ake cutar masu saye. Za a ga kwali an rubuta masa "kusantowa sau 500", alhali bakin na'urar milimita 60 ne. Ƙa'idar ita ce a ninka faɗin bakin sau biyu. Mai milimita 60 iyakarta sau 120, abin da ya wuce haka dishi-dishi ne. Galileo kansa, da na'ura mai kusantowa kamar sau 20 ya gano watanni huɗu na duniyar Mushtari a Janairun 1610.

Na'urorin iri biyu ne manya: mai gilashi a gaba, irin ta Galileo, da mai madubi a ciki, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Ta biyun ta fi araha idan ana son faɗi. A kuma girgiza ƙafafun na'urar kafin a biya, domin idan suna rawa, zoben duniyar Zuhal ba zai tsaya a gan shi ba.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, tabaron hangen nesa mai lamba 10x50 ya isa ya nuna masa ramukan wata, da tarin taurari a Kaza da 'Ya'yanta waɗanda ido bai taɓa gani ba. Lokacin hazo a rufe na'ura da kyau, kada a goge ƙurar madubi da bakin riga, yana karcewa.

Lokaci ya cim mana. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya kuskura ya kalli rana da waɗannan na'urori, ko na daƙiƙa ɗaya, domin tana makantarwa nan take. A ja wa yara kunne. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.