Dokar ta-ɓaci, masallaci da caji ofis: ina iyakar ikon hukuma?

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie, a masarautar Argungu, cikin Nuwamban 2024, kame ya zama ruwan dare a hirar jama'a. Da yawa suna ɗauka cewa da zarar tsaro ya taɓarɓare, haƙƙin ɗan ƙasa ya tafi hutu. Kundin tsarin mulkin 1999 bai ce haka ba.

Shugaban ƙasa kaɗai sashe na 305 ya bai wa ikon ayyana dokar ta-ɓaci, da amincewar Majalisar Tarayya, kamar yadda aka yi a Filato a 2004, da Borno, Yobe da Adamawa a 2013. Dokar hana fita da gwamna ya sanya ba ita ba ce. Ko an ayyana ta ma, sashe na 45 ya taƙaita abin da za a taɓa, kuma gwargwadon larura.

'Yancin addini na sashe na 38 kuwa ana iya taƙaita shi ko babu ta-ɓaci, domin lafiyar jama'a ko zaman lafiya, kamar yadda aka dakatar da jam'i a wurare da dama lokacin korona a 2020. Sharaɗin shi ne a samu rubutacciyar doka da ta dace da dimokuraɗiyya. Umarnin baka daga bakin DPO ba doka ba ne, komai kyan niyyarsa.

Inda aka fi tauye talaka shi ne tsarewa. Sashe na 35 ya wajabta gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in ta fi nisa, sai dai wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. A Birnin Kebbi ko Argungu, uzurin nisan kotu ba ya karɓuwa.

Hisba fa? Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, amma sashe na 214 rundunar 'yan sanda guda ya amince da ita, don haka wanda Hisba ta kama da laifi hannun 'yan sanda ya kamata ya koma. Wanda aka tsare fiye da ƙa'ida na iya shigar da ƙara a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46, ya nemi saki, diyya da neman afuwa a bainar jama'a.