Kafin guduma ta sauka a kan tsohuwar rediyo

Duk wanda ya taɓa kwana a Old Fadama ya san ƙarar guduma da sassafe. Yaran kondem sun dawo daga zagaye da kura cike da tsofaffin fanka, talbijin da rediyo, sai fashi. A ware jan ƙarfe gefe, alminiyam gefe, a ɗora a sikeli. Ko da hukuma ta rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a watan Yulin 2021, sana'ar ba ta mutu ba, warwatsuwa kawai ta yi cikin lunguna. Sai dai sikeli nauyi kaɗai ya sani, alhali akwai masu kuɗi a duniya da tsufan abu suke saye.

A Amurka, kafin talbijin ta yaɗu, yara kan zauna gaban rediyo da yamma suna sauraron wasan kwaikwayo, kamfanonin abinci ke ɗaukar nauyi. Ovaltine ɗin nan da muke haɗa shayi da shi ya ɗauki nauyin shirin Little Orphan Annie a shekarun 1930. Yaro ya aika da takardar cikin gwangwani, a aiko masa da bajo mai warware saƙon sirri da ake karantawa a ƙarshen shiri. A 1947 kuma masu abincin safe na Kix suka fitar da zoben Lone Ranger mai siffar bam, a kan santi 15 da murfin kwali. Wai har da ɗigon sinadarin folonium a ciki, yaro ya shiga ɗaki mai duhu ya leƙa ya ga tartsatsi. Ikon Allah! Yau wace uwa za ta yarda? Akasarin waɗannan kyaututtuka bola suka tafi, shi ya sa 'yan kaɗan da suka tsira da kwalinsu suke da masu nema.

Na kayan wasa ya fi ban mamaki. A 1979 kamfanin Kenner ya ƙera samfurin gwaji na ɗan mutum-mutumin Boba Fett na fim ɗin Star Wars, mai harba ɗan roka daga baya. Aka ji tsoron yaro zai haɗiye rokar ya shaƙe, aka fasa kai shi kasuwa. A watan Agustan 2024 an yi gwanjon guda ɗaya a kan dala miliyan 1.34. Roba ce fa, ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

To, kada wani ya rufe shago gobe ya tafi tonon dilar gwanjo a Kantamanto. Da wuya irin wannan ya faɗo Ankara, kuma ko ya faɗo, babu mai ba ka sidi ɗaya sai da shaidar asalinsa, domin jabu ya yi yawa. Ni abin da ya fi damuna namu ne na gida.

Rediyo ta fara magana a ƙasar nan ranar 31 ga Yulin 1935, da tashar ZOY, ta akwatunan da ake ja wa waya har cikin gida. Bayan samun 'yanci aka riƙa haɗa rediyo a Gana mai suna Akasanoma, wato tsuntsu mai magana. Da irinta kakanninmu na Nima da Maamobi suka ji labarai da Hausa daga GBC, suka kamo Sashen Hausa na BBC, wanda ya soma ranar 13 ga Maris 1957, mako guda cif bayan 'yancin Gana. Fatake masu goro a bakinta suke jin halin da aka kwana a Kano da Sakkwato. Yaushe rabonka da ganin guda? Ba a sake yin wata, kullum kuma guduma na rage su.

In ta faɗo hannunka, ɗan'uwa, kada ka goge ta da yashi, kada ka yi mata fenti. Masu tara irin wannan kaya sun fi son abu da tsufansa. Cire tsohon batir, domin ruwansa ke cinye ciki. Ka ɗauki hoton gaba da baya da lambar jikinta, ka adana duk wata takarda ko kwali da suka zo tare, ka tambayi mai ita ta wane ne, a ina aka saye ta.

Kwanaki na ga wata a bayan kura kusa da gadar Odaw, murfin batir ya ɓace amma allurar tasha na nan. Na tsaya amsa waya. Kafin in juyo yaron ya riga ya zare wayoyin cikinta.